Daga Fom ɗin JAMB Zuwa Kan Madubi: Jagora Ga Mai Son Karanta Ilimin Ƙwayoyin Cuta a Jami'a

A bara, lokacin cike fom ɗin JAMB, ɗan yayata ya same ni bayan sallar isha'i da takardunsa a hannu. Ya ce, "Kawu, na gama shawara, Maikurobayoloji zan cike. Ina so in riƙa gwajin jini a asibiti kamar yadda kuke yi." Na ce, "Zauna tukuna. Wa ya gaya maka wanda ya karanta Maikurobayoloji shi ke sa hannu a takardar gwajin maras lafiya?" Ya yi shiru yana kallona. Ni ma a shekarunsa haka na ɗauka, kuma wannan rashin sanin sai da ya ci mini shekaru, domin bayan na gama digirin farko ne na gane akwai ƙofar da takardata ba ta buɗewa, na sake komawa aji. Abin da na gaya masa a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, da ƙarin abin da dare bai bari na faɗa ba.

Matakin farko: san ƙofar da za ka shiga

A Najeriya hanyoyi uku ne ke kai mutum ga ilimin ƙwayoyin cuta da cututtuka masu yaɗuwa, kuma ba wuri ɗaya suke sauke fasinja ba.

Akwai digirin Maikurobayoloji a tsangayar kimiyya, na shekara huɗu. Wannan kimiyya ce mai faɗi: za ka karanta ƙwayoyin da ke cikin ƙasa, da na ruwa, da na abinci, da waɗanda ke sa nono ya yi tsami ko daddawa ta nuna, ɓangaren cututtukan ɗan Adam yanki ne kawai a ciki. Mai wannan digiri yana samun wuri a bincike, da koyarwa, da masana'antun abinci da magunguna, da hukumomi irin su NAFDAC. Amma ba ya samun lasisin aikin ɗakin gwaje-gwajen asibiti da shi kaɗai.

Lasisin yana hannun masu digirin kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wanda ɗalibai ke kira Medlab. Shekara biyar ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki, kuma hukumar MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke yi musu rajista. A shekarar ƙarshe ɗalibi kan karkata zuwa fanni ɗaya, kuma ɗaya daga cikin fannonin shi ne ilimin ƙwayoyin cuta na asibiti. Idan burinka shi ne ka zauna a benci kana shuka fitsari da jini kana gaya wa likita wace ƙwaya ce da kuma maganin da zai kashe ta, nan ce ƙofarka.

Ta uku ita ce likitanci, shekara shida, sannan bayan hidimar ƙasa mutum ya nemi ƙwarewa a ƙarƙashin kwalejin horar da manyan likitoci ta Najeriya ko ta Afirka ta Yamma, ya fito likitan ƙwayoyin cuta ko likitan cututtuka masu yaɗuwa. Doguwar hanya ce, amma mai ita ne ke tsayawa a bakin gadon maras lafiya.

Ba na cewa wata ta fi wata. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya faɗa Maikurobayoloji don kawai makinsa bai kai na likitanci ba, ya yi shekara huɗu yana kallon kwas ɗin kamar matar da aka yi masa dole. Irin waɗannan su ne ke fitowa ba su iya riƙe madauki, wato siririyar wayar ɗibar ƙwaya, ba, su ce kwas ɗin ba shi da kasuwa. Wanda ya riga ya shiga kuma ya ga asibiti yake so, wasu jami'o'i na karɓar mai digirin farko ya shiga Medlab daga aji biyu. Ka tambayi sashen da bakinka kafin ka sayi fom, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta.

Mataki na biyu: takardu da guzuri

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. A JAMB kuwa Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks sun ishe ka ko wace ƙofa ka zaɓa. Jami'o'in Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano, Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri duk tsofaffin hannu ne a wannan fage, kuma kowace tana da asibitin koyarwa, wanda a wurina ya fi kyan gini muhimmanci. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma suna da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, sai dai can da Faransanci ake karatun.

Guzuri ɗaya zan jaddada: Kemistiri. Yara kan zo da son Bayoloji, su ɗauka zanen ƙwaya da haddar sunaye ne aikin. Sai an shiga aji biyu a haɗu da Bayokemistiri, a nan ake zubar da mutane. Wanda bai fahimci yadda sukari ke narkewa ya zama asid ba, ba zai taɓa gane dalilin da ya sa wata ƙwaya ke fitowa ruwan hoda a faranti wata kuma ta fito fara ba, sai dai ya haddace, kuma hadda irin wannan ba ta kwana biyu bayan jarrabawa. Hutun da kake zaune kana jiran sunanka ya fito, ka kashe shi a kan Kemistiri.

Mataki na uku: yadda ake karanta ƙwaya

Shekarar farko maimaicin sakandare ce da ɗan ƙari. Kada ka raina ta, don makin da ka tara a nan shi ke riƙe CGPA ɗinka ranar da manyan kwasakwasai suka fara duka.

Daga aji biyu sunaye za su fara zubo maka kamar ruwan Agusta: Staphylococcus aureus, Escherichia coli, Klebsiella pneumoniae, Pseudomonas aeruginosa. Ga bakteriya, ga bairas, ga dangin funfuna, ga tsutsotsi da sauran masu zaman cin-amana a jikin mutum, sannan ga ilimin garkuwar jiki. Wanda ya ce zai haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar karatun allo zai gaji.

Dabarar da ta fisshe ni ita ce in sayi littafi mai kauri, kowace ƙwaya in ba ta shafi biyu, in yi mata tambayoyin da ake yi wa baƙo: daga ina kake, ta wace hanya ka shigo, me ka ɓata, yaya za a gane ka, me ke korar ka. Kuma in fara da cutar da na sani da sunanta na Hausa, sannan in bi ta zuwa sunan Latin, ba akasin haka ba.

Ɗauki sanƙarau. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san lokacinsa: daga hunturu zuwa tsananin bazara, lokacin da iska ta bushe, ƙura ta yi yawa, mutane suka cunkushe a ɗaki ɗaya. Ƙwayar da ke haddasa annobarsa, Neisseria meningitidis, tana zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Bushewar iska ce ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro har ta samu hanyar shiga jini, ta kai ga rigar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa. Da damina ta sauka sai annobar ta lafa. Yankin da take yi wa wannan zuwan ya miƙe daga Sanagal har Habasha, mu da Nijar muna tsakiyarsa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Nau'in A ne ke yin wannan ɓarna a da, har aka fito da rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010. Nau'in A ya ja baya, sai ga nau'in C ya taso a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017. Shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da rigakafin da ke tare nau'i biyar a allura ɗaya. Yanzu idan malami ya tambaye ka dalilin da ya sa ake damuwa da tantance nau'in ƙwaya bayan an riga an san sunanta, ai ba sai ka buɗe handawut ba.

Haka za ka yi wa tarin fuka, da kwalara, da ƙyanda, da tsargiya, da mashaƙon da ya addabi Kano a 2023, da zazzaɓin Lassa, wanda sunansa ma daga garin Lassa na jihar Borno ya samo, inda aka fara gano shi a 1969. Yawancin littattafan da za ka karanta an rubuta su ne a Amurka ko Ingila, inda zazzaɓin cizon sauro shafi kaɗan ne a ƙarshen littafi, alhali kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya 'yan Najeriya ne. Don haka kada ka bar kaurin babi ya gaya maka muhimmancin cuta. Ka riƙa leƙa rahoton mako-mako na hukumar NCDC a intanet, kyauta ne, za ka ga abin da ke yawo a jiharka a wannan makon.

Mataki na huɗu: benci

Nan ne ainihin karatun, kuma nan ne aka fi ha'intar kai. A aji mai ɗalibai ɗari biyu da madubin duba ƙwayoyi goma, abu ne mai sauƙi mutum ya tsaya a baya, wani ya yi aikin, shi ya kwafi rahoto. Za ka ci jarrabawa a haka. Ranar da aka miƙa maka samfurin ɗan wani ne asirinka zai tonu.

Abu na farko da hannunka zai koya shi ne rinin Giram, wanda wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884, kuma har yau ba a samu abin da ya ture shi ba. Za ka ɗiga ruwa kaɗan a kan gilashi, ka ɗebo ƙwaya da bakin madauki, ɗan mitsitsi, ka baza ta siriri har ka iya hango rubutu ta ƙarƙashin gilashin. Ka bari ta bushe da kanta. Ka gitta gilashin a kan harshen wuta sau uku don ta manne, ba wai ka gasa ta ba. Idan ka ɗora a bayan hannunka ka ji yana ƙuna, ka wuce gona da iri. Sai shuɗin rini na kiristal bayolet, minti ɗaya, ka ɗauraye. Sai aidin, minti ɗaya, ka ɗauraye. Sai mai wanke rini, asiton ko barasar lab, na daƙiƙoƙi kaɗan. Sai jan rini na safaranin, rabin minti zuwa minti ɗaya. Ka bushe, ka ɗiga mai, ka sauko da babban ido mai lamba 100, wanda tare da na sama yake ƙara girman abu sau 1,000.

Duk rigimar tana wurin wankin nan na daƙiƙoƙi. Ƙwaya mai kaurin bango tana riƙe shuɗin, ita ake kira Giram fozitib. Mai siririn bango tana sakin sa ta ɗauki ja, ita ce Giram negetib. Idan ka daɗe da asiton, mai kaurin ma za ta saki, komai ya fito ja. Ni na yi wannan a aji uku. Na leƙa na ga ƙwallaye a cure kamar nonon inabi, surar Staphylococcus (Staf) wadda shuɗiya ya kamata ta fito, amma jajaye, na rubuta da ƙarfin gwiwa cewa na ga Giram negetib. Wani dattijon ma'aikacin lab, wanda ba shi da digiri amma ya fi shekara ashirin a kan benci, ya leƙa sau ɗaya ya ɗago. Ya ce, "Ɗana, surarta ta Staf ce, launinta na ƙarya ne. Kai ka wanke mata riga." Na ce, "Baba, minti ɗaya na ba shi kamar sauran." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar na koyi in riƙa rina ƙwayoyi biyu da na riga na sani a gefe, ɗaya shuɗiya ɗaya ja, don su zama shaidu a kan hannuna. Kuma na koyi girmama irin waɗannan dattawa. Ka gaishe su, ka wanke musu kwalabe, abin da za su nuna maka babu shi a lakca.

Na biyu shi ne shuka. Faranti ne mai ɗauke da abincin ƙwaya da aka daskarar da agar. Za ka ƙona madauki har ya yi ja, ka bari ya huce, ka ja layuka a kusurwa ɗaya, ka sake ƙonawa, ka jawo daga ƙarshen layukan farko zuwa kusurwa ta biyu, haka har ta huɗu, ta yadda a ƙarshe ƙwayoyin sun yi ƙaranci har kowace ta tsiro ita kaɗai. A kife farantin a inkubeta, wato akwatin ɗumi na rainon ƙwaya, a zafin digiri 35 zuwa 37, a dawo bayan awa 18 zuwa 24. Ka san abincin kowa: a farantin Makonki, masu cin sukarin madara irin su E. coli suna fitowa ruwan hoda, Salmonella kuwa ba ta da launi. Ƙwayar kwalara tana fitowa rawaya a kan koren farantin TCBS. Ta sanƙarau 'yar gata ce, sai an dafa mata jini har ya koma ruwan cakulan. Da sannu hancinka ma zai koyi aiki, don Proteus da Pseudomonas kowace da warinta, ko da yake ba a kai faranti hanci da gangan.

Ka kuma koyi otokilef, wato tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin da ke jikin kayan aiki, da kanka: digiri 121, minti 15, kuma ƙirgen yana farawa ne daga lokacin da zafin ya kai, ba daga lokacin da ka kunna ba. Littafi ba zai gaya maka abin da za ka yi idan aka ɗauke wuta da tsakar dare inkubeta ta huce ba. Ka saba rubuta zafinta safe da yamma a takardar da ke manne a ƙofarta, ka kuma san cewa farantin da bai tsiro ba bayan daren da babu wuta ba hujja ba ce cewa maras lafiya ba shi da ƙwaya.

Mataki na biyar: tsare kanka

Kafin ka fara taɓa jinin mutane ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, da bayan wata shida. Ba a zuƙar ruwa da baki ta bututu, ko da ka ga wani babba yana yi. Ba a mayar wa allura murfinta da hannu biyu. Ba a cin gyaɗa ko shan fiya wata a lab, ba a ajiye zoɓo a firjin samfur, kuma rigar lab ba ta zuwa kantin abinci ko masallaci. 'Yan'uwa mata su tura bakin hijabi cikin riga, saboda harshen wutar bansin, murhun gas na kan benci, ba ya ganuwa sosai da rana. Idan allura ta soke ka, ka wanke da ruwa da sabulu, ka faɗa nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma gara a awannin farko. Kunya ba ta da wuri a nan.

Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya tuna 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana maras lafiyar farko fita daga asibiti. Da yawa daga waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. Lassa ma kusan kowace shekara sai ta ɗauki ma'aikaci.

Mataki na shida: fita aikin koyo

Masu Maikurobayoloji suna fita SIWES, galibi wata shida a aji uku. 'Yan Medlab kuma suna zagayen benci-benci a asibitin koyarwa. Kada ka nemi wurin da za a sa maka hannu a littafi kana gida. Ka nemi inda ake shuka samfur da gaske, ko da nisa, ko da babu alawus. Idan tarin fuka ne ya ja hankalinka, akwai cibiyar horarwa kan tarin fuka da kuturta a Saye, kusa da Zariya. A Nijar kuma cibiyar CERMES ta Yamai ta daɗe tana aikin sanƙarau.

A nan za ka gane cewa rabin kurakuran lab tun kafin samfur ya iso ake yin su. Fitsarin da ya yi awa huɗu a aljihun ɗan rakiya zai tsiro da ƙwayoyin da suka hayayyafa a hanya. Wanda aka ce ya kawo majinar ƙirji ya kawo yawu. Ruwan ƙashin baya da aka ɗebo don neman sanƙarau, wani mai kyakkyawar niyya ya sa shi a firji, sanyi ya kashe ƙwayar. Saboda haka ka koyi yi wa mutane bayani da Hausar da za su gane. "Inna, ki fara yin fitsarin kaɗan a ƙasa, sannan ki tari na tsakiya a wannan kwalba, kada bakinta ya taɓa jikinki, ki kawo yanzu-yanzu." Wannan jimla ta fi wani babin littafi amfani.

Za ka kuma ci karo da abin da ni har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya, wato gwajin Widal. Kusan duk mai zazzaɓi sai an ce masa "maleriya da taifot". Gwajin nan yana auna martanin garkuwar jiki ne, ba ƙwayar kanta ba, kuma a wurin da mutane suka saba haɗuwa da dangin Salmonella, waɗanda ƙwayar taifot ke cikinsu, ko suke da maleriya, yakan nuna alama ko babu taifot. Tabbacin taifot yana wurin shuka jini. Kai ɗalibi ne, ba za ka canja tsarin wurin da ka je koyo ba, kuma kada ka yi wa na gaba da kai gardama a gaban maras lafiya. Amma ka san gaskiyar a ranka, ka riƙe ta zuwa ranar da benci zai zama naka.

Ka nace a nuna maka fim ɗin maleriya, wato jinin da aka shafa a gilashi, mai kauri da siriri da rinin Gimsa, har idonka ya iya raba zoben Plasmodium falciparum, ƙwayar maleriya, da dattin rini. Ka ga ƙwan tsargiya mai ƙaya a ƙarshensa a fitsarin yaron da ke wanka a kududdufi. Ka ga jajayen sandunan tarin fuka a rinin Zil-Nelsin, sannan ka ga yadda na'urar GeneXpert ke gano su cikin kamar awa biyu, har ta faɗi ko sun bijire wa maganin rifamfisin. Na'ura tana da daɗi, amma ranar da katirij ɗin da ake zuba samfur a ciki ya ƙare madubi ake komawa.

Mataki na bakwai: furojet

Shekarar ƙarshe za a ce ka kawo taken bincike. Yawancin ɗalibai kan je su jiƙa ganyen wata bishiya su ɗiga a faranti su ce yana kashe ƙwaya. Ba haramun ba ne, amma an yi shi har ya gaji, kuma sau da yawa ba a auna komai yadda wani zai iya maimaitawa. Ka zaɓi tambaya ƙarama wadda aljihunka da lab ɗinku za su iya ɗauka, don kai za ka sayi faranti da agar. Ruwan rijiyoyin unguwarku kafin damina da bayanta. Wayoyin hannun ma'aikata. Ƙwayoyin fitsarin mata masu juna biyu da magungunan da suka daina jin su.

Wannan na ƙarshen shi na fi ba da shawara, domin bijirewar ƙwayoyi ga magani ita ce yaƙin zamaninku. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Ba abin mamaki ba ne a wurin da ake sayen kafso biyu a kemis ko a tiren mai talla, a sha yau a bari gobe, a kuma zuba wa kaji a ruwa. Gwajin ba shi da wuya: ka dama ƙwaya a ruwan gishiri har kaurinta ya yi daidai da ma'aunin Makfalan 0.5, ka shafe farantin Mula-Hintin da ita, ka ɗora ƙananan faifan magani, washegari ka auna faɗin da'irar da ƙwaya ta kasa shiga, da rula, a milimita, ka gwada da jadawalin da aka amince da shi. Da ido ba a cewa "wannan ya yi faɗi". Idan ka cika kauri da'irar za ta tsuke, ka yi wa magani mai kyau ƙazafi.

Idan bincikenka ya shafi mutane, sai da izinin kwamitin ɗa'a da yardar kowane mutum, bayan ka yi masa bayani da harshensa. Kada ka ɗauki wannan a matsayin cike takarda. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 lokacin sanƙarau na 1996 ba, kuma zargin da ya biyo baya yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Sai a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Kuma abin da faranti ya nuna shi za ka rubuta. Idan samfur hamsin ka yi, kada su zama ɗari biyu a takarda. Idan babu abin da ya tsiro, wannan ma sakamako ne.

Mataki na takwas: bayan an fito

Tun kana aji uku ka fara koyon abin da ba a koyarwa sosai: Excel da kyau, sannan ɗan lissafin ƙididdiga da manhajar R ko Epi Info, duka biyun kyauta ne. Ka nemi inda ake PCR, wato gwajin gano ƙwaya ta tsarin halittarta, ka roƙi a bar ka ka tsaya ka kalla, ko da share benci za ka riƙa yi. Korona ta sa an buɗe irin waɗannan ɗakunan gwaji a jihohi da dama, kuma masu hannu a kansu ba su yi yawa ba.

Mai son bin annoba har ƙauyen da ta ɓulla ya sa ido a kan shirin NFELTP na horar da masu bin diddigin annoba, wanda ake gudanarwa tare da jami'o'in Ahmadu Bello da Ibadan. Mai son bincike akwai cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, a Yaba ta Legas, da cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's a Ede, inda ake karanta tsarin halittar bairas, da asibitin Irrua a jihar Edo wanda ya yi suna a kan Lassa, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos ga wanda ya lura cewa cututtuka da yawa daga dabba suke tsallakowa. A waje kuma akwai cibiyar binciken ƙwayoyin cuta ta WACCBIP a Jami'ar Gana, da makarantun cututtukan ƙasashe masu zafi na Landan da Libaful, waɗanda ake nema da tallafin karatu irin na Kwamanwel. Duk waɗannan za su nemi wasiƙar malamin da ya san ka da gaske, don haka kada ka bari sai ranar da kake buƙatar sa hannu sannan sufabaizanka ya fara ganin fuskarka.

Shi kuwa ɗan yayata, bayan ya kwana biyu yana juya maganar, Medlab ya cike. Makon jiya ya turo mini hoton gilashinsa na farko ta WhatsApp, komai ja wur, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, duk negetib ne." Na tambaye shi daƙiƙa nawa ya bar asiton.